Jan Kambun Malam Sha'aban

Ranar wanki Murjanatu ta gamu da abin. Ta zura hannu a aljihun tsohuwar taguwar mijinta don kada ta jiƙa masa goro, sai ta zaro wani abu mai kama da kambu, irin wanda maza ke ɗaurawa a damtse. Sai dai wannan ba na fata ba ne, na roba ne, da ɗan maɓalli a gefe. Ta juya shi, ta shinshina, sannan ta danna maɓallin. Nan take abin ya kama da jar wuta a tafin hannunta, da rana tsaka. Ta saki salati, ta lalubi turmi ta zauna.

Wata matar da dariya za ta yi, ta ce kayan wasan yara ne. Amma Murjanatu haifaffiyar Babban Mutum ce, garin da in ka miƙa arewa kaɗan sai ka tsinci kanka a Nijar ba ka sani ba, kuma ta san abin da jar wuta ke nufi da dare. Ta san 'yan fito, masu ɗauro buhunan shinkafa a babur su ratso daji fitila a kashe don kada a hango su. Ta san akwai wanda ke yin gaba yana duba musu hanya, in ya ɗaga koriyar wuta a taho, in ya ɗaga ja a laɓe. Ba a bakin mata ta ji wannan ba. Mijinta, Malam Sha'aban, da wannan sana'a ya aure ta, kuma a cikinta ƙanenta Ikrima ya rasu.

An kwashe shekaru, amma ita ba ta manta ko ɗaya ba. Sun taho a jere, Sha'aban a gaba, Ikrima na biye, babu mai fitila. Wani manomi ya bar amalanke a gefen burtali. Sha'aban ya gifta ta bai ma san da ita ba, Ikrima kuwa bai gifta ba. A kafaɗa Sha'aban ya kawo shi gida, kuma ita ce ta wanke rigar da ya kawo shi da ita. Bayan an share makoki ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gabanta, ya rantse shi da hanyar dare har abada. Ya sayar da babur, ya koma dillancin dabbobi a kara, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Ya yi tumbi, ya yi furfura, ya samu wuri a sahun gaba, har ya zama in an yi rigimar iyakar gona shi ake kira ya raba. Dariyarsa ce kawai ba ta dawo ba. Da can in Sha'aban ya tuntsire, maƙwabta sai sun aiko a ji abin da aka ce. Tun ranar Ikrima sai dai murmushi, shi ma irin na dattawa, wanda ba ya kaiwa ga haƙori.

To, ga shi tun shigowar bazara mutumin nan ya sauya. Da an sallame isha'i sai ya shigo, ya tuɓe babbar riga, ya zura taguwar nan, ya ce zai leƙa wajen Malam Amadu ladan. Kafin mai shayin bakin layi ya tattara kofunansa ya dawo, jiƙe da gumi, ƙafar wandonsa duk ƙarangiya. Murjanatu ta san zauren Malam Amadu, daɓen siminti ne, ƙarangiya ba ta tsirowa a ciki. Wani dare ya dawo yana ɗingishi, ya ce tuntuɓe ne. Abinci ma ya fara ja da baya da shi. Mutumin da da sai ya tsotse ƙashi ya bar shi fari, yanzu ya ture kitse gefe, ya ce a rage gishiri. Ita kuwa ta ɗauka nauyin abin da yake ɓoyewa ne ya hana shi cin abinci.

Sannan ga zancen da mata suka yi ta yi a gidan suna, wai ana hango wasu fitilu a bayan fadama, ja da kore, suna kai da kawo, da wata fara mai tashi sama ta dawo. Matan sun yanke hukunci aljanu ne suka tare a kukokin wurin, har wata ta ce ta ji shewarsu. Murjanatu ta saurare su tana tausaya musu. Aljanu me ya haɗa su da ja da kore? Ita ta san aljanun da ke yawo da irin wannan fitila, kuma yau ga shaidar a hannunta.

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe kambun, ta buɗe tukunyar daddawa ta cusa shi can ƙasa, ta mayar da murfi. Dabararta mai sauƙi ce: mai duba hanya ba ya fita babu fitila, in babu fitila kuwa dole ya zauna a gida, ko na dare ɗaya ne.

Bayan isha'i ta ji shi yana bincike a ɗaki. Ya zazzage taguwar da ta wanke, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado, abin da rabonsa da yi har ta manta. Can ya leƙo tsakar gida.

"Murja, da kika yi wanki ba ki ga wani ɗan abu a aljihuna ba?"

"Wane irin abu, Malam?"

Ya sosa ƙeya. "Wani ɗan abu dai."

"Goro na gani, na ajiye maka a kan taga."

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ta zuba masa ido tana roƙon Allah ya sa ya koma ya zauna a tabarma. Sai ya sa takalmi. "Bari in leƙa wajen Malam Amadu," ya ce, ya fice.

A nan ne tsoro ya kama ta sosai. Ta ji sawunsa ya bi lungu, ya yi arewa. Ta yafa mayafi, ta ja ƙofa, ta faɗa gidan da ke jikin nasu.

Iya Lami ce matar Malam Amadu ladan, kuma ita ce ungozomar unguwa. Rabin mutanen layin a hannunta suka faɗo duniya, saboda haka ba ta shakkar kowa, kuma ita kaɗai ce macen da za ta fita bayan isha'i ba wanda zai ɗaga gira. Murjanatu ta same ta tana ɓare gyaɗa.

"Iya, don Allah, Baban Raihana yana zauren nan?"

"A'a, 'yar nan. Ai Malam ne ke zuwa wajensa. Kullum in an idar da salla sai ya ce mini zai je hira wajen Sha'aban."

Suka dubi juna. Murjanatu ta durƙusa, ta faɗa mata komai, daga ƙarangiya har kambu. Iya Lami ta ture farantin gyaɗa.

"Fito? Tsohon nan nawa? Mutumin da ko keke bai iya ba?"

"Mai duba hanya ba ya buƙatar babur, Iya."

Fuskar Iya ta sauya. Sai ta miƙe, ta ɗauko jakarta ta zuwa karɓar haihuwa, ta rataya. "Tashi mu je. In ƙarya ce mu sha iska, in gaskiya ce kuwa yau sai na jawo shi da kunne har gaban Liman."

A bakin layi mai shayi ya hango jakar, ya ce, "Iya, yau kuma gidan wa?" Ta ce, "Gidan da Allah ya nufa, kula da tukunyarka." Suka wuce ba wanda ya ƙara tanka musu.

Babu farin wata. Suna barin gidajen ƙarshe duhu ya rufe su, sai zafin da ƙasa ta sha da rana ke tasowa ta ƙarƙashin takalmi. Iya ta hana a kunna tocila. Suka bi ta gefen fadamar da ta ƙafe, ƙarangiya na kama musu zane. Murjanatu na tafe tana shirya abin da za ta ce masa, amma duk maganar da ta haɗa sai ta watse, rigar nan ta dawo mata a ido, da ruwan wankin da ta yi ta sauyawa yana ƙin yin fari. Ba fushi take yi ba. Tsoro take ji kada a sake kawo mata wani a kafaɗa.

Suna hawa ɗan tudun da ke bayan kukoki suka hango fitilun. Ga su nan a gonar mai unguwa, wadda aka share bayan girbi: jajaye da koraye, suna yawo a tsayin kafaɗar mutum, su haɗu su watse. Murjanatu ta damƙe hannun Iya. Sai dai tun a nan wani abu ya ƙi zama mata daidai. Ba ta ji ƙugin babur ko ɗaya ba. Kuma 'yan fito ba sa taruwa wuri ɗaya su yi ta zagaye.

Sai ga wata fara, dunƙulalliya kamar ƙwarya, ta taso daga tsakiyarsu, ta yi sama, ta yi baka, ta faɗo ta yi tsalle, duk fitilun suka ruga suka bi ta. Wani ya busa usur. Daga can ƙarshen gonar, tsakanin wasu sanduna biyu da aka naɗe da igiya mai haske, wata murya ta tashi, muryar da duk Babban Mutum ke ji sau biyar a rana.

"Ku dawo baya! Koraye, ku dawo baya, kun bar ni ni kaɗai!"

Jakar Iya Lami ta zame daga kafaɗarta. "La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Tamaula. Murja, tamaula suke bugawa. Da gemunsu."

Suka raɓe a gindin kuka. Ido ya saba da duhu, kunne ya fara aiki. Ƙwallon fitila ce a cikinta, duk wanda ya taɓa ta sai ta ƙara haske. Mutanen kuwa ba a ganin komai nasu sai kambun da ke damtse, amma murya ba ta ɓuya. Ga hedimasta mai ritaya yana faɗa wa kowa inda zai tsaya, ba mai jin sa. Ga Alhaji Sada mai hatsi, wanda in zai hau mota sai an riƙe masa hannu, yana haki yana kiran a ba shi. Ga mai unguwa da kansa. Mai usur ɗin Musaddiq ne, malamin asibiti, shi kaɗai ke riƙe da tocila a gefen fili.

Kuma wasa suke yi na gaske, ba na dattako ba. Wani ja ya narko ƙwallon tsakanin sanduna, ladan ya cafe ta da hannu biyu. Wani ya kai mata duka ya kuskure, takalminsa ya yi gaba shi kaɗai. Wasu jajaye biyu suka yi ta kokawa a kanta, sai daga baya suka lura ashe 'yan gida ɗaya ne. In ta tashi sama sai duk su ɗaga kai su ce "Kai!" baki ɗaya, in ta faɗo ƙura ta tashi, hasken ya shiga cikinta ya yi kyau. Wani kore ya sa wa mai unguwa ƙafa ya kife, ya tsaya yana cewa, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Mai unguwa daga ƙasa ya daka masa tsawa, "Wa ya ce maka akwai ranka ya daɗe a nan? A nan ja ne da kore! Bi ƙwallo!"

Iya Lami ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na girgiza. Murjanatu ma dariyar ta taso mata, amma ta danne ta. Ta kasa kunne ta bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta ji ladan, ta ji hedimasta, ta ji Alhaji Sada, ta ji wasu da ba ta tantance ba. Ba ta ji Sha'aban ba. Ta sake kasa kunne. In ba ya nan, to ina ya yi?

"Iya, ba ya cikinsu."

"Yi haƙuri tukuna."

Koraye suna ta wasa da ƙwallon a tsakiyar fili, hankali kwance, don babu jan kambu ko ɗaya kusa da su. Kwatsam sai ƙwallon ta bar ƙafar hedimasta ta kama hanya ita kaɗai. Ba kowa a gefenta. Ta gangara, ta kauce wa kore ɗaya, ta zagaye na biyu, ta miƙe sak ta nufi sandunan ladan. Malam Amadu ya buɗe hannuwa yana a'uziyya da ƙarfi. Ƙwallon ta ɗan tsaya a gabansa kamar mai sallama, sannan ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce.

Sai dariya ta fashe daga cikin duhu, daga inda babu fitila ko ɗaya. Dariya ce mai tasowa daga ciki, mai kakkaɓi, wadda ke ƙarewa da tari. Murjanatu ta sulale ta zauna a kan saiwar kuka. Ko cikin kasuwa ta ji wannan dariya za ta gane ta, ga shi rabonta da ita tun 'yarsu Raihana na goye, yarinyar da yanzu ke ɗakin mijinta a Daura. Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba. Daɗi ta ji, irin wanda ke sa jiki ya mutu. Rantsuwarsa na nan, mijinta na nan, ƙwallo yake bugawa a gonar mai unguwa kamar ɗan firamare.

A fili kuwa rigima ta kaure. "Ba ci ba ne!" in ji ladan. "Mutum ba kambu, ba a ganinsa, ya lallaɓo kamar ɓarawon akuya! Wannan ai zalunci ne!" Jajaye suka ce ƙwallo dai ta shiga, kowa ya gani, ita ai da fitilarta. Musaddiq ya ce tun farko sai da ya ce kada Baba Sha'aban ya shiga babu kambu, aka ce a bar shi. Hedimasta ya kawo doka, mai unguwa ya kawo sulhu, a ƙarshe aka bar wa jajaye cinsu aka ci gaba.

Ba a jima ba ƙwallon ta sake tashi sama, ta nufo gefen da matan ke laɓe. Alhaji Sada ya taho da gudu, kansa a sama, koren kambunsa na lilo. Gabansa fili ne fetal, a ganinsa. Sai aka ji tim, ƙarar jiki ya haɗu da jiki, koren kambun ya yi ƙasa. Ƙwallon ta faɗo ta gangara gefe, ba wanda ya bi ta. Fili ya yi tsit.

Murjanatu ba ta san ta miƙe ba. Ihu ya zo mata har baki, Iya Lami ta toshe shi da tafin hannu ta riƙe ta gam. Tocilar Musaddiq ta ratso fili da gudu, ta sauka a kan mutum biyu a ƙasa. Alhaji Sada ya tashi zaune yana salati. Ɗayan na kwance rigingine. Ya ɗauki lokaci, ko kuma ita ce ta ga ya daɗe, kafin ya ɗaga hannu ya shafa bakinsa.

"Alhaji," in ji Sha'aban daga kwance, "buhu nawa ka ci kafin ka fito?"

Dariya ta ɓarke, har da masu hamdala. Aka ɗaga shi, leɓensa ya fashe, ba wani abu ba. Musaddiq ya duba shi da tocila, ya ce daga yau ko Sarki ne ya zo babu kambu, a gefe zai zauna. "Baba, ba don ado aka ba ku shi ba. Don a gan ku ne."

Maganar ta sami Murjanatu a inda take tsaye. Kambun yana cikin tukunyar daddawarta. Ita ta raba shi da fitilarsa, ta bar shi ya fita cikin duhu, tana ganin tsare shi take yi. Ta ja hannun Iya, suka juya gida tun kafin a tashi.

A hanya Iya Lami ta yi ta magana ita kaɗai. "Shi ya sa kwanan nan kiran asuba ke fita a dishe, na yi ta dafa masa citta. Ashe a gola yake ƙarar da muryar. Bari ya dawo." Can kuma ta ce, "Amma kin ga yadda ya kama waccan ta farkon? Tsohon nan da sauransa."

Kafin Sha'aban ya iso, Murjanatu ta ɗora ruwan zafi, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye tuwo. Ta ciro kambun, ta goge shi, ta kunna, ta ɗora a kan faifan da ta rufe kwanon miya. Ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa, hannu a baki, yana shirin labarin wani tuntuɓen. Sai ya ga jar wuta a kan abincinsa. Ya tsaya cak.

"Zauna, Malam, in gasa maka leɓen."

Ya zauna. Ta tsoma tsumma a ruwan zafi ta matse, ta dafa masa a baki. Ya ɗauki kambun ya kai hanci.

"Daddawa," ya ce.

"A ciki ya yini."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ladan dai ya ce cin nan naka na zalunci ne, ni ma kuma na ga haka."

Kunya ta rufe Malam Sha'aban, mai raba rigimar gona. Ya sunkuyar da kai, ya yi ta murza kambun a hannu. Da ƙyar maganar ta fito. Musaddiq ne ya zo kara da abin awon jini, ya auna dillalai, ya ce nasa ya hau sosai, in bai rage gishiri ya motsa jiki ba, wata rana faɗuwa zai yi. Bai gaya mata ba don kada ta tayar da hankalinta. Ya gwada bin shawarar, wata asuba ya fita bayan gari ya ɗan taɓa sassarfa.

"Murja, ban yi nisa ba na waiga, sai ga mutane a bayana da sanduna, suna tambaya ta ina ɓarawon ya bi. Wata tsohuwa ta fasa kuka, wai tunda Malam Sha'aban ke gudu, babu lafiya a garin. Dole na ce musu akuyata ce ta tsinke. Har rana ta fito muna neman akuyar da babu ita."

Ashe ba shi kaɗai ba ne, duk sahun gaba awon bai yi musu kyau ba, kuma babu wanda zai yarda yaran da ke durƙusa masa su gan shi yana tsalle. Shi ne Musaddiq ya yo musu saƙon ƙwallon da kambunan daga Kano. Cikin duhu ba a ganin gemu, ba a ganin tumbi, kowa ya huta da girmansa na ɗan lokaci.

"Yanzu jinin fa?" ta tambaya.

"Ya ce yana sauka."

"Alhamdu lillahi." Ta sake matse tsumman. "Da ka gaya mini, da tuni na daina zuba maka gishirin a ɓoye. Da farko na zaci iyayi ne."

Ya yi 'yar dariya, leɓen ya hana shi ƙarasawa. Sannan ya dube ta. "To ke me ya kai ki ɓoye shi? Me kika zata?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma ya tambaya. "Jar wuta, Malam. Da dare. Ka yi arewa, ka dawo da ƙarangiya. Me zan zata?"

Ya dubi kambun da ke hannunsa. Ta ga ya gane, ta ga kuma inda tunaninsa ya tafi, don shi ma burtalin nan bai taɓa barinsa ba.

"Na dafa Alƙur'ani, Murja."

"Na sani. Ka yafe mini. Tsoro ne." Ta mayar da tsumman cikin ruwa. "Kuma ka ga abin da tsoron ya sa na yi. Da na ji ƙarar faɗuwarka, na ce shi ke nan, an sake, kuma wannan karon ni na kashe fitilar."

Ya girgiza kai. Ta karɓi kambun daga hannunsa, ta kama damtsensa ta ɗaura masa, ta ja maɗaurin ta tabbatar ya zauna. Jar wutar ta haska furfurar gemunsa da kumburarren leɓensa.

"Gobe ma akwai?" ta tambaya.

"Akwai. In kin yarda."

"Ka je. Na ji dariyarka yau, ba zan hana ba." Ta janye faifan daga kan kwanon, ta tura masa ruwan wanke hannu. "Abu ɗaya nake roƙo. Tun daga ƙofar gidan nan za ka kunna shi, ba sai ka isa gona ba."

"Mutane za su gani, Murja."

"Su gani," ta ce. "Ai don a gan ka ne."